Wa Ke Ɗaga Fulaf?

Da tayoyin jirgin saman suka taɓa ƙasa, sai ɗalibin da ake wa laƙabi da Kyaftin ya ƙara wuta don ya sake tashi. Jirgin ya ɗago, amma ya ƙi hawa. Ga bishiyoyi a gabansa.

"Malam! Jirginku ya lalace!" ya kwarma ihu ta rediyo.

Yau ne ya fara atisayen taɓa-ka-tashi shi kaɗai, bayan ya cika makaranta da cewa malaminsa ɗan rakiya ne kawai.

Daga ƙasa Malam ya amsa, "Dubi fiffikenka. Fulaf ɗin da ka sauke don rage gudu, ka mayar da shi?"

"Ai da kansa yake komawa!"

"Ɗaga shi. Kaɗan-kaɗan, kar ka fizge."

Da ƙyar Kyaftin ya tsallake bishiyoyin. Ya zagayo ya sauka, ya fito.

Malam ya tare shi a gaban sauran ɗalibai, baki har kunne. "Da kansa, ko? Tun ranar farko ni nake ɗaga maka shi, kana can kana gyaran tabarau. Sannu, Kyaftin!"

Aka bushe da dariya. Shugabar makarantar ce kawai ba ta dara ba.

"Malam, maimaita in ji. Ka san bai taɓa ɗagawa ba, ka sake shi sama shi kaɗai?"

Ta juya wajen ɗalibin.

"Kyaftin, gobe ka dawo darasi. Malam, kai ba sai ka dawo ba."