Wan da Ya Tura Ƙaninsa Gwanja

An yi wasu 'yan'uwa biyu maza, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu ma'aikatan gwamnati. Ƙanin, tun furfura ba ta gama cin kansa ba, ya ajiye aiki, matarsa da take koyarwa ita ma ta ajiye nata. 'Ya'yansu sun riga sun kama gabansu, saboda haka suka kulle gida, kowannensu ya goya jaka ɗaya a baya, suka shiga duniya. Ba masaukin alfarma suke nema ba. Inda talakan gari yake kwana nan suke kwana, motar da yake hawa ita suke hawa, abin da yake ci shi suke ci, matuƙar halal ne. Wan kuwa yana nan a ofis, ga cunkoson hanya kowace safiya, ga hawan jini, ga shugaban da bai kai shi shekaru ba ko kusa yana kiran sunansa gatsal. Hotuna kan shigo wayarsa: yau suna kan wani dutse a Turkiyya, gobe suna kasuwar birnin Fas ta Maroko, jibi suna cikin kwalekwale a wani kogin Asiya, rana ta dafa su, takalma sun suɗe, amma suna dariya har ana hango dasashi. Ba ƙasashen ne suke ƙona masa rai ba, domin da ya so zuwa yana da hali. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne, shi da matarsa sun yi shekaru hirarsu ba ta wuce ta cefane ba.

Abu ɗaya ya rage wanda yake ganin ya fi ƙaninsa da shi, wato mahaifiyarsu. Shi ke kai ta asibiti, shi ke zuwa gaishe ta kowace Juma'a, har ya ɗauka albarkar bakinta rabonsa ce shi kaɗai. Sai ya ƙudura cewa da bakin nan nata za a kira matafiyan su dawo gida a kunyace. Wata Juma'a dangi sun taru, ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin magana, ya fara jero laifi: an yi suna ba su zo ba, an yi rasuwa sai ta'aziyya ta waya, mace mai jikoki tana goye da jaka kamar 'yar dako. Da ya ga maganar ba ta kama tsohuwa ba, sai ya ƙara da gatse: “Iya, da yawon nan na amfani ne, ai da sun nemo miki Kawu da ya tafi Gwanja fataucin goro.” Kawun nan yayan tsohuwa ne. Ya tafi tun tana budurwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, har gidan suka daina ambatonsa don kada a fama mata miki. Tsohuwa ta ɗago kai, idanunta sun ciko, ta ce, “Kira mini su.” Ya danna waya da rawar jiki, yana jiran ya ji an ce su tattaro su dawo. Ita kuwa cewa ta yi su nufi Gwanja.

Ya rarrashi zuciyarsa da cewa hannu rabbana za su dawo, a lokacin kowa zai gane yawon banza ne. Bai san abin da hanya ta koya musu ba. Sun saba da kaya marasa nauyi, da jiran mota yini guda ba tsaki, da zama a gaban baƙin fuska har a saki jiki da su. Suka bi unguwannin Hausawa na ƙasar Gana zango zango, daga Kumasi zuwa Salaga, mijin yana durƙusawa gaban sarakunan zango da tsofaffin fatake, matar tana shiga cikin gidaje, inda namiji baƙo ba ya taka ƙafa. A wani ƙauye matar ta tarar da wata dattijuwa tana tankaɗe, a kumatunta akwai tsage irin na uwar mijinta, layi bai sauya ba. Ashe Kawu ya daɗe da rasuwa, amma ya bar zuriya, dattijuwar nan kuwa 'yarsa ce ta fari, sunan ƙanwarsa ya sa mata.

Ranar da suka iso da dattijuwar, tsohuwa ta riƙa shafa kumatun takwararta tana kuka, unguwa ta cika gidan. Wan, da yake shi ne babba, shi aka ɗora wa yanka rago da saukar baƙi. Yana tsaye da kwanon nama a hannu tsohuwa ta dafa kan ƙaninsa da na surukarta, ta ce su tafi duk inda suka ga dama, ta yafe musu suna da biki, ƙafarsu mai albarka ce. Sannan ta juyo gare shi da zuciya ɗaya, ta ce, “Kai ma Allah ya yi maka albarka, Babba. Ba don ka faɗa ba, da na mutu ban ga jinin yayana ba.” Dangi suka amsa da amin, shi ma dole ya amsa, bakinsa kamar ya tauna maɗaci.

Duk wanda ya ga ni'ima a hannun ɗan'uwansa zuciyarsa ta yi ƙunci, to ya kama harshensa, domin magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.