Salla a Gindin Gaɓa

Mubaraka tana raka'a ta biyu ta ji kukan Aliyya.

Ita ba ta yarda da ruwa ba. Shi ya sa da suka iso bakin tekun Chesapeake a Amurka, daga gidansu na garin Beltsville, ta kwantar da jaririyar nesa da igiyar ruwa, a inuwar gaɓa, bangon ƙasa mai tsayin bene biyar. Mijinta ya koma mota ɗauko abinci. Alƙibla ta sa ta fuskanci teku, ta ba 'yarta baya.

Ta saci kallo. Wani ƙaton mutum da tun ɗazu yake leƙensu ya sunkuci Aliyya yana gudu.

Ta yanke salla. "Ɓarawo! Ajiye min 'yata!"

Ko waiwaye bai yi ba. Ta bi shi ba takalmi, ta cim masa a bakin ruwa, ta kafa masa haƙora a hannu har ta ji gishirin jini. Maimakon ya saki yarinyar, sai ya fizgo ta ita ma.

Ƙasa ta yi ruri a bayansu. Gefen gaɓar ya rufto. Babu shimfiɗar Aliyya, babu darduma, sai ƙura.

Mutumin ya miƙa mata 'yarta yana haki. Da ya buɗe baki, sai Hausar Jos.

"Sannu, Maman Bebi. Sunana Dung. A ramin kuza na girma. In gaɓa ta fara zubo da tsakuwa, ba a tsayawa sallama."

Mubaraka ta dubi hannunsa. Ta zare mayafinta, ta fara ɗaure masa.