Hannun da Ya Tsaya

Da aka cire ragar da ke danne masa kai a gadon na'urar, tsohon ya rasa inda yake. Asibitin birnin Bangkok ne, ko gonarsa ta shinkafa? Tun da ƙarin ciwon dajin nan ya sake fito masa a ƙwaƙwalwa, fuskokin mutane suka zame masa iri ɗaya.

"Yau ma ba yanka, ba allura," ya ce. "Wane irin magani ne wannan?"

"Hasken proton ne, Kaka," in ji wata ma'aikaciyar jinya. "Yana shiga ya tsaya daidai kan ƙarin, ba ya wucewa."

"Haske ne zai san iyaka? Yarinya, kin mai da ni yaro."

A bakin ƙofa wata mata ta tare shi. Ya zuba mata ido, bai gane ta ba. Ta miƙa hannu za ta gyara masa hular da ta karkace, sai hannun ya tsaya a iska. A gidansa, ɗa ba ya taɓa kan uba.

Kaf asibitin nan ba wanda bai taɓa masa kai ba, sai wannan matar. Ya kamo hannun ya riƙe.

"Auta, ke ce? Kin ci shinkafa kuwa?"