Gimbiyar Kan Ganuwa

Tun da Hajiya Murjanatu ta dawo daga Sin, babu wadda ta ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a falonta na unguwar Al Nahda a Dubai. Kafin ki kai kofi baki, an buɗe waya an ɗora miki birnin Xi'an a cinya.

Sarin yadi ne ya kai ta ƙasar. Da kaya suka yi jinkirin fitowa daga masana'anta, sai dillalinta ya cusa ta cikin ayarin masu yawon buɗe ido, kwana uku a tsohon birnin sarakunansu. Ta tafi tana mita, ta dawo bakinta ya ƙi rufuwa.

Ba wai komai ya burge ta ba. Sojojin yumɓun nan da Turawa suke tsayawa a gabansu baki sake, ita gumaka ta gani, ta yi a'uziyya ta wuce. A unguwar Musulmi aka miƙo mata busasshiyar gurasa da kwano, wai ta gutsuttsura da hannunta kafin a zuba romon rago. Ta ce ba ta taɓa ganin inda mutum zai biya kuɗinsa kuma a sa shi aikin kuku ba.

Labarin da take so a ji yana kan ganuwa ne.

Ganuwar garin doguwa ce, faɗinta mota biyu sai su jera. Sauran baƙi suka hau kekuna. Hajiya ta ce ita mai jikoki ba za ta hau keke a bainar jama'a ba, ta taka da ƙafa awa biyu cikin rana. Ta sauko gumi ya wanke hoda, leɓe ya bushe, ido ya yi ja, mayafi ya karkace.

A gindin matakala akwai shagon da ake sa wa baƙi tufafin sarakunan dā a ɗauke su hoto. Turawa da Larabawa sun yi layi, kowa da kuɗinsa a hannu. Mai hoton na hango ta ya tsallake su duka. Ya yi magana a wayarsa, wayar ta fassara: ita kyauta ne, irin fuskarta yake nema tun safe.

Ya fara ɗaukar ta yadda take, wai yana gwada kyamara, ya ce kada ta yi murmushi. Sannan mata uku suka shiga da ita ciki. Awa guda suna shafa mata farar hoda, fuska, wuya, har bayan hannu. Suka naɗe ta da jan alharini, suka kafa mata kambin zinare a kan ɗankwali, suka haske ta da fitilu huɗu. Da ta ga hoton sai da ta yi salati. Aka kawo takarda mai rubutu kamar kaji sun yi tono, ta sa hannu. Wayar ta ce hoton na talla ne, zai kai har Afirka.

To, wannan hoto ya zo a kan gaɓa. Ranar Juma'a ƙungiyar matan Arewa 'yan kasuwa na Dubai za ta zaɓi shugaba, kuma Hajiya ta shekara shida tana hangen kujerar. Abokiyar takararta Barira ce, mai sarin mayukan shafawa daga babbar kasuwar 'yan Sin ta International City. Ba a taɓa zama an tashi ba Hajiya ba ta taɓa ta ba.

"Wasu fuska kamar gwanda, gwiwa kamar gawayi," in ji ta, tana zagaya wayar hannu-hannu. "Ni kuwa fatar da Allah Ya ba ni, da ita na je Sin, da ita aka tsame ni daga cikin Turawa. Ban san shafe-shafe ba. Khalas, magana ta ƙare."

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Wata ta ce lallai allo za a kafa mata a filin jirgi. Hajiya ba ta ce e ba, amma ba ta musa ba. Ƙuri'u suka fara gangarowa wajenta.

Barira dai ta ci gaba da harkar sarinta. Sai ranar Laraba da hantsi ta bugo waya, murya kamar zuma.

"Yaya Hajiya, tallanki fa ya iso. Yana nan kasuwar Murshid Bazaar, ofishin cargo. Wallahi kin yi kyau."

"Ai na faɗa muku."

"Kin faɗa kam. Ki taho da mutane, abin ba na gani mutum ɗaya ba ne."

Hajiya ta ɗauko leshin da ta tanada don Juma'a. Tasi uku ta cika da masu ƙuri'a, ita ta biya. A hanya ta yanke shawarar yafe wa Barira, ta ba ta muƙamin ma'aji idan an rantsar da ita.

Da suka shiga layin, ta ɗaga kai tana duba bangaye. Babu allo. Babu ko takarda a manne. Sai katan-katan jibge har rufi, an rubuta Kano, Kaduna, Sakkwato. Mai awon kaya ya ɗago, ya dube ta, ya dubi katan, ya sake dubanta, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ɗari uku ne waɗannan," in ji Barira. "Ɗari biyu sun riga sun sauka Kano tun makon jiya."

Ta farke katan ɗaya da reza, ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa kowacce ƙaramin kwali. Na ƙarshe ta sa wa Hajiya a tafin hannu, har da ɗan rusunawa.

A jikin kwalin man bilicin ɗin Hajiya Murjanatu ce har sau biyu, a hagu wadda ta sauko daga ganuwa, a dama gimbiya fara sol, a ƙasa kuma an buga da Hausa ɓaro-ɓaro: "Cikin kwana bakwai kacal."