Zagin Marigayiya

Wayata ta yi ƙara daidai lokacin da talabijin ya nuna mahaukaciyar guguwa ta doshi Sur, garin ƙawayena biyu da ke bakin teku. Ni ina Nizwa, nesa da teku, gahawata ta huce a kofi.

"'Yar'uwa, kuna lafiya?" na tambaya ina ɗauka.

"An kwashe mu zuwa makaranta, wuta kuma ta ɗauke," in ji babbar, iska na kuka a bayanta. "Ke, sauya tasha, an fara wasan kwaikwayonmu. Asirin munafukin ya tonu?"

"Teku zai cinye gidajenku, kina zancen wasa?"

"Gida sai Allah. Faɗa mana kawai."

Mu huɗu muka tsufa muna kallon wasan nan. Duk wadda kallo ya wuce ta, ta huɗunmu ce ke ba ta labari, tana zagin mugun. Makon jiya aka binne ta.

Na sauya tasha. Ina ganin fuskarsa bakina ya suɓuce: "Ga shi nan, mai kai kamar tulu, tsinanne!"

Zagin da marigayiyar ke yi masa ne, kalma ba ta canja ba.

 Sai na ji wani kuka a wayar, wanda ba na iska ba ne.