Motar da Ta Daina Kifewa

Ranar da Gambo ya ce wa Malam Tanimu shi fa ya daina zuwa majalisa don kada ya zame wa mutane kaya, malamin bai yi masa wa'azi ba. Wannan misalin ya ba shi.

Akwai wani mai gyaran agogo a Dutse wanda wayar hannu ta kashe wa kasuwa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, gidan ya yi masa girma har yana jin ƙarar cokalinsa a kwano. Kaɗaici ya ishe shi, kuma ba mutum ne mai buɗe baki ya faɗa ba. Sai ɗansa da ke Fatakwal ya aiko masa da 'yar mota mai rimot, irin wadda ba don gudu aka yi ta ba, sai don ta rarrafa kan duwatsu. Ya ce ya ji akwai masu irinta da ke haɗuwa a bayan gari duk safiyar Asabar. Tsohon ya yi tsaki, ya ce an mai da shi yaro. Da Asabar ta zo, shi ya riga kowa isa.

Su bakwai suka iso bayansa, magidanta, cikinsu har da malamin makaranta da direban tanka. Suna da ƙa'ida guda: in mota ta kife, mai ita ba ya ɗaga ta da hannu. Tsayawa zai yi, wani ya matso da tasa mai ɗan injin igiya a goshi, a maƙala ƙugiya, a ja a hankali har ta koma kan tayoyinta. Tsohon kuwa danna rimot yake kamar mai korar akuya daga gona, ga mota sabuwa mai nauyi a sama. Ranar sau tara ta kife. Duk kifewa sai su taru a kansa, wannan na ja, wancan na nuna masa inda zai ɗora taya, direban tanka na kiransa Sarkin Kifewa. Suka ci ƙosai tare a inuwar dutse. Su suka koma gida suna cewa an yi baƙo mai daɗin zama, shi ya koma da kunya. Shekara arba'in mutane ke kawo masa abin da ya lalace, bai saba a taru a kan nasa ba.

Sai ya ɗauke ƙafa, ya ce ba za su sake ganinsa ba sai ta daina kifewa. Ya shimfiɗa ta kan teburin agogo, ya maƙala gilashinsa a ido. Ya canza mata tayoyi masu taushi da ke kama dutse, ya sa tagulla a ƙafafun gaba don nauyi ya sauko ƙasa, ya mai da batir gaba, ya sa mata injin sitiyari mai ƙarfi. In ya gama wannan sai ya hango wancan. A tsakar gida yake gwada ta, kan bulo da tsohon turmi, ba mai kallo sai ƙadangaru. Direban tanka ya zo ƙofarsa sau biyu, tsohon ya ce yana nan tafe, har mutumin ya gaji ya bari. Daga ƙarshe ya dubi ɗan injin igiyar da ke goshinta, ya ga nauyi ne a inda ba ya so, ya kwance shi har da ƙugiyar. A ganinsa wanda ba ya faɗuwa ba shi da buƙatar igiya. Bai tuna cewa da ita ake jan wani ba.

Damina ta wuce kafin ya koma. Suka yi murna da ganinsa, suka yaba motar, kuma ta cancanci yabo, don hawa take kamar an ɗaure ta da dutsen. Ba a yi nisa ba motar malamin makaranta ta kife dab da ƙafarsa.

"Baba, matso da taka ta ja ni."

"Na cire igiyar."

Malamin ya ce ba komai, ya kira wani. Ba wanda ya ji haushi. Taruwa kawai suka yi inda ake buƙatarsu, shi kuma motarsa ba ta jira, dole ya bi ta. Ya hau, ya hau, har ƙololuwar da ba wanda ya taɓa kaiwa a cikinsu. Da ya waiwayo sai ya hango su can ƙasa, sun yi da'ira a kan wata motar, dariyarsu na iso shi kaɗan-kaɗan. Nan ya ji kaɗaicin da ya fi na gida, don a gida ba ya hango kowa. Ya nemi gangare mafi muni, ya karkata motar da gangan ko za ta kife su hawo. Ta jingina, ta ɗaga taya ɗaya, ta dawo ta zauna daram. Ya sake, ta ƙi. Aikin hannunsa ne, kuma shi bai taɓa yin aikin banza ba. Ya zauna a kan dutsen da rimot a cinya har rana ta yi zafi, suka kwashe motocinsu suka nufi inuwa.

Malam Tanimu ya dubi Gambo ya ce, shi ya sa Hausawa ke cewa garin neman gira an rasa ido.