Shekara Huɗu a Jaman

"Shekara huɗu na yi a Jaman," in ji Shekari, yana dukan ƙirji. "Wanda bai taka ba ya yi mini shiru."

A gidan kallon ƙwallon Nasarawa ake wannan musu. Sani ɗan Arsenal ne ya tsokano shi, wai lig ɗin Jamus na manoma ne, kulob ɗaya ke cinye kofi kamar gadon ubansa, 'yan wasan kuma sai gudu, ba gwaninta. Shekari ya ɗaga hannunsa mai kaushi ya ce sirrin Jaman a ƙasa yake. Daga tushe ake farawa, a daidaita, a daddaɓe, a bar shi ya kama, sannan a ɗora komai a kai. Ingila kuwa fenti ce kawai.

Aka tafa masa. Tun da ya dawo unguwa bayan dogon ɓata, kujerar gaba tasa ce. Fasfo dai ya ce ruwa ya ci. Hoto kuwa, ya ce can ba a son ƙarya. In an ci ƙwallo sai ya kwarma wata kalma da shi kaɗai ya san ma'anarta.

Ran Talata Comfort ta same shi a inda yake ajiye kekensa na haya. Abinci take sayarwa a bakin wata masana'anta a Kudenda, mijinta ya rasu. Tana gaba, ɗanta Tony na biye, ɗan shekara ashirin da biyu, lamba tara na ƙungiyar unguwa. Wani eja, dillalin 'yan wasa, ya kawo masa takardar gayyata, wai daga wani ƙaramin kulob a Jamus. Saura kuɗin biza da tikiti. Abin da ta mallaka fili ɗaya ne a Narayi. Marigayin ya haƙa harsashi ya cike, saura a zuba jaman fulo, kankaren nan da ake shimfiɗawa kafin bango ya tashi, sai ajali ya riga shi.

"Oga Shekari, kai ka san yarensu. Duba mana. In ka ce gaskiya ce, zan sayar."

Ya karɓi takardar. Haruffa ga su nan, wasu da ɗigo biyu a ka kamar idon kaza. Ya bi su da yatsa, ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Tony ya zuba masa ido ko ƙiftawa ba ya yi.

"Maman Tony, hatimin nan na gaske ne. Na ma san garin. A saya masa rigar sanyi."

Ta durƙusa ta yi godiya. Washegari Tony ya ajiye aikinsa a masana'anta.

To, daga nan fa Shekari ya shiga zirga-zirga. Ran Laraba ya je rumfarta da niyyar ya ce mata ta dakata. Ta ƙara masa nama biyu kyauta, ya haɗiye maganar tare da naman. Ran Alhamis ya tuƙa keke babu fasinja har Narayi, ya tsaya a kan filin. Ya sa ƙafa ya danna cikon, ya ce a ransa bai daddaɓu ba, zai lotsa. Ya daɗe a wurin. Ran Juma'a ya kira lambar ejan, aka ce masa in ba a kawo kuɗi Litinin ba, an ba wani.

Ya yi ta lallashin kansa: ƙila takardar ta gaske ce. Ai akwai garuruwa masu sanyi a Jamus.

Ran Asabar da rana gidan kallo ya cika, ana wasan Dortmund. An tafi hutun rabin lokaci kenan Comfort ta shigo da atamfar zuwa coci. Ta samu mai saye, kuma ta rantse ba za ta sa hannu ba sai Shekari ya zama shaida. Mai sayen na bayanta: Alhaji Zakariyya'u, ɗan kwangilar gine-gine daga Tudun Wada.

Shekari ya hango shi ya ja hula har hanci. Ya ce maƙogwaro ya kama shi. Ya leƙa ƙofa, benci uku na mutane sun tare hanya.

Sani ya ɗauko teburin rimot, aka shimfiɗa takardun fili. Comfort ta cire murfin biro. Filin nan shi ne abu na ƙarshe da ke ɗauke da sunan mijinta.

"Alhaji, ga shaidata. Shi ya karanta mana takardar. Shekara huɗu ya yi a Jaman, kowa a nan ya sani."

"Ƙwarai!" in ji masu kallo.

Alhaji ya gyara tabarau, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin hular. Fuskarsa ta washe. Comfort ta ga yadda gumi ke bin wuyan Shekari, ta ɗaga biron daga kan takarda.

"Kai, Shekari Jaman!" in ji Alhaji. "Ashe kana nan? Madam, shekara huɗun gaskiya ce, a hannuna ya yi su, nan gida a Kubwa. Duk leburorina ba wanda ya kai shi iya zuba jaman fulo."